Inna Miriyam, Wadda Ta Auna Wuyan Dodo

Kafin rana ta ɗaga, Inna Miriyam ta riga ta share gindin bedin da ke bakin gidan likita na ƙauyenmu, gabas da Tchaké. Ta rataya ma'auni a reshe, ta shimfiɗa tabarmi biyu, ta saƙala siririyar igiyar awon hannun yara a wuya kamar sarƙa, mai launi uku: ja, rawaya, kore. Daga nan amalanke ke fara isowa, mata da goyo suna sauka suna kakkaɓe yashi. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaukar yaran, ta rataya, ta karanta, ta zagaya igiya a damtse. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Da tsintsiya aka ɗauke ta aiki, awo kuwa da ido ta koya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma gonarta.

Majo Salifu, shugaban gidan likitan, ya taɓa ce mini: "Ni magani na karanta, ita yara ta karanta." Matan gari suna da nasu shaidar. Wata ta ce Inna ta taka har rugar da suke da ƙafa, ranar da ta ga ba ta kawo ɗanta awo ba sati biyu. Wata ta ce a bayan Inna ɗanta ya wuni ranar da zazzaɓi ya kayar da ita. Ran Lahadi takan tafi ɗan ƙaramin ɗakin ibadarsu na Kirista, gida biyar ne duka, in ta dawo mata su tare ta da tsokana:

"Inna, kin sa mu cikin addu'a kuwa?"

"Na sa mazanku tukuna, su sunka hi buƙata!"

Wannan shaidar mutane ce. Tawa ta fi nauyi, don da laifina a ciki.

Damanar bara na zo hutu daga lakwal, wato makaranta, a Maradi, kaina cike da littattafai, zuciyata na tafasa da son zama marubuci. Yaran gidanmu suka ce in yi musu tatsuniya. Ku da kuka girma a gindin kaka kun san abin da ke cikin tatsuniyoyinmu in an cire waƙa da daɗin murya: uwa ta yi wa dodo alkawarin ɗiyarta don ya bar ta ta ɗebi ruwa, kura ta cinye yara ta bar kawunansu a jere, a yanke wa marainiya hannu saboda ƙwarya guda. Mun ji, mun girma, yanzu dariya muke yi, mu ce lallai kakanninmu ba su da tausayi. Ni kuwa ban tsaya ga na gado ba, sai da na ƙara gishiri. Na ƙago matar dodo mai kama yara, tana ɗura musu abinci mai zaƙi, duk sati ta rataye su a reshe ta ji nauyinsu, ta zagaya igiya a damtsensu ta ga ko sun isa yanka. Na kumbura murya, na zare ido. Yara suka ƙanƙame juna, ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce lallai ina da baiwa.

Cikinsu akwai Zara'u, ɗiyar yayata Sa'adatu, shekararta huɗu da rabi.

Bayan wata guda zazzaɓi da zawo suka kama ta, suka tafi suka bar ta kamar kara. Muka kai ta likita. Aka rataya ta a ma'auni, aka zagaya igiya, ta tsaya a ja. Aka ba mu abincin gujiya na cikin leda, mai zaƙin nan da yara ke kokawa a kai. Zara'u ta datse haƙora. Lallashi, faɗa, kuka, duk a banza. Sati biyu tana ƙara zubewa. Alhamis ta uku, ranar awo, majo ya ce in ba ta fara ci ba ranar, sai babban asibitin Mayahi, a zura mata roba ta hanci. Na dubi yayata, na ga ta ƙara rungume ɗiyarta.

Inna Miriyam kuwa kallo take. Ta lura an yi wa yarinyar allura ko uffan ba ta ce ba, amma da igiya ta fito sai ta cusa hannu cikin riga tana ihu. Ta juya ga Sa'adatu.

"Wa ka yi ma yaran gidanku tatsuniya?"

Yayata ta nuna ni da baki. Inna ta sa na maimaita labarin, a tsaye, gaban mata sun fi talatin. Tun ban kai rabi ba na gane abin da na aikata. Ashe duk kwanakin nan yarinyar nan tana yaƙin ceton ranta ne ita kaɗai, tana ganin uwarta da kawunta sun kai ta gidan matar dodo da hannunsu.

"Kai, ɗan lakwal," in ji Inna, "ka saki dodo cikin gari ka koma ka yi kwananka? Zamna nan ka ga yadda a ka kama shi."

Ta zauna a tabarma, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Wata tsohuwa ta zabura.

"Haba Miriyam, tatsuniya da rana tsaka? So kike mu ɓace bisa hanya?"

"Iya, hanyar da kike bi shekara sittin, ko jakinku ba ya ɓata. Amma tsaya." Ta zaro zaren kaba daga bakin tabarma, ta ƙulla shi tam, ta ɗaga kowa ya gani. "Na ɗaure gizo. Kowa gida za shi kwana."

Sai ta fara. Wai wata rana dodo ya zo nan gidan likita da ciwon ciki, don ya haɗiye kasuwa guda har da amalanke da jakinta, jakin kuwa yana ta harbi daga ciki. Aka ce ya bi layi, ya bi, yana nishi. Da ya ga allura ya fashe da kuka yana kiran innarsa. Mata suka fara ƙyalƙyala. Inna ta tashi tana kwaikwayon tafiyarsa, riƙe da gindi. Na saci kallon Zara'u, na ga ido ɗaya ya leƙo daga bayan zanen uwarta.

"Da ya buɗe baki yana kuka," in ji Inna, "sai na yi wuf na auna wuyanshi da igiyar ga. Kin ga ja? Mai hannun ja, sulluɓ yake wucewa. Kin ga kore? Nan wuyan ya ƙare. Ya taɓa gwada haɗiye wani mai hannun kore, ya maƙale, kwana bakwai yana tari, har yau in ya hangi yaro mai kumatu hanya yake sakewa."

Zara'u ta ƙara leƙowa. Can wata 'yar murya ta ce: "To matarshi hwa?"

"Ta yi yaji, ɗiyata. Wa za ya zamna da namiji mai tsoron allura?"

Zara'u ta yi dariya. 'Yar siririya ce, amma wallahi ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba, ko a littafi. Ta miƙo hannu da kanta aka auna. Ta karɓi ledar, ta lasa, ta sake lasa. Sa'adatu ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na juya na dubi bedi, kamar akwai abin kallo a sama.

Sati shida igiya ta kai kore. Ranar, Zara'u ta ɗaga damtse ta ce a je a gaya wa dodo.

Inna, ke ce kika ga abin da mu masu karatu muka kasa gani. Ba ki ce mata babu dodo ba, don kin san yaron da tsoro ya kama ba ya yarda da wannan. Kin mai da shi abin dariya, kin ba ta makami a hannunta. Uwar awo, mai ido a kan damtsen 'ya'yan kowa, na gode. Kin ceci Zara'u, kin kuma sauke mini dutsen da da zan ɗauka har kabari.

Ku masu yi wa yara tatsuniya, ban ce ku kashe dodo ba, gadonmu ne. Amma ku riƙa duban fuskokin masu saurare, kada ku tashi sai kun ga an yi dariya. Ku ma'aikatan likita masu tasowa, ku je ku zauna kusa da ita kafin watan nan ya ƙare.

Zaren kabar nan da ta ƙulla yana wurina, cikin littafin da nake rubutu. Ita ta ba ni ranar da aka sallami Zara'u. Ta ce: "Riƙe, marubuci. Duk ranar da za ka saki dodo, ka fara sanin inda za ka ɗaure shi."