Inna Batulu da Sirrin Hajiya Adama

A Ƙofar Kibo babu majinyaciyar da ke son Inna Batulu ta zo mata dubiya. Ba don tana da mugun hali ba. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, shekara talatin da ɗoriya. Da an ji sallamarta a zaure, sai ka ga tsohuwar da ta kwana uku ba ta motsa ba ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, tana cewa ai da sauƙi, dama ɗan zazzaɓi ne. Inna ta san da haka sarai. Takan ajiye kwanon kunun da ta kawo ta ce, "Kwanta abinki, yau ban zo da sabulu ba."

Gajeruwa ce, mai surutu. Za ta ba ka labarin daddawar kowane gida da wadda miyarta ba ta jin gishiri. Abu ɗaya ne ba ta taɓawa. Kakarta da ta koya mata aikin ta ce mata duk abin da ido ya gani a jikin mamaciya, a ɗakin yake zama, amana ce. Mata sun sha bugun cikinta a gidajen suna, ba su taɓa samun ko kalma ba. Shi ya sa kowace ke gudunta da rai, kuma kowace ke son ita ta suturta ta.

Shekara biyar da suka wuce Hajiya Adama ta rasu, tsohuwar malamar firamare. An ce hawan jini ne. Inna ta shiga wanka, ƙanwar mamaciyar, Goggo Jummai, tana zuba mata ruwa. Da hannunta ya kai ƙirji sai ta ji tsummoki, an naɗa wani bisa wani. Nonon hagu ya zama gyambo. Inda bai fashe ba, fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, hammata duk kaluluwa.

"Ko 'ya'yanta ba su sani ba," in ji Goggo Jummai a hankali. "Yaya ta ce kada kowa ya ji."

Inna ta ci gaba da aikinta. Ba yau ta fara ganin sankarar mama ba. Ta wanke irinta ya kai sau takwas, kuma kusan duka a ɓoye: wata kunyar likita namiji, wata tsoron wuƙa, wata an ce mata jifa ne.

Bayan shekara uku, wata safiyar Asabar, Inna ta leƙa gidan Asama'u, babbar 'yar Hajiya Adama, wadda ke aikin ofis a jami'a, nan unguwar Kongo. Ta same ta tana wanki. A cikin kayan akwai rigar nono da tabo ja-ja a gefe guda.

"Ma'u, goyo kike ɓoye mana?"

"Inna ke nan. Autata ajinta huɗu."

"To wannan fa?"

"Wani ruwa ne yake ɗan fita, wani lokaci da jini-jini. Akwai ɗan ƙullutu kamar gyaɗa, amma ba ya ciwo ko kaɗan. Goggo ta ba ni man shafawa."

Inna ta ja ta ɗaki ta ce ta gani. Ƙullutun da tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa. Kan nonon ya soma karkata ciki.

"Litinin ki je asibiti. Rashin ciwon nan shi ne abin tsoron."

Asama'u ta yi dariya tana mayar da riga. "Inna, ke kowa gawa kike ganinsa. Wannan cutar ai babu ita a danginmu. In an yi hutu na je."

Hutun kuwa sai bayan wata huɗu.

Inna ta wuce kai tsaye wajen Goggo Jummai, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta roƙe ta ta gaya wa yarinyar gaskiya, tunda ita jini ce. Goggo ta ce ta yi wa yayarta alkawari tana kan gadon mutuwa, ba za ta saɓa ba. "Ke ma ki riƙe taki amanar, Batulu. Yarinya ƙurji ne ya fito mata."

Kwana uku Inna ba ta ba kowa labarin miyar kowa ba, har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Ran na huɗu ta koma gidan Asama'u. Ta zauna a bakin gado, ta gaya wa Asama'u abin da ta gani a jikin mahaifiyarta, tun daga tsummokin har hammata, ba ta rage komai ba.

Asama'u ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Shi ya sa ta hana mu wanke mata kaya. Ni kuma ina fushi, ina cewa ta raina wankina."

Washegari ta je asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likitar ta ce ba a zo da wuri ba, amma ba a makara ba. Aka cire nonon, aka shiga ƙarin ruwan maganin da ya zubar mata da gashi, ya bar ta kamar a hure ta ta faɗi. Ƙannenta mata biyu su ma suka je aka duba su, da yake dole ta gaya musu dalili. Daga nan maganar ta zaga unguwa.

Ba wanda ya ce Inna ta yi ƙarya. An dai ce bakinta ya buɗe. Tsofaffin da ke da abin ɓoyewa a ƙarƙashin zane, kuma suna da yawa, suka fara barin wasiyya a kira wata daga Ƙofar Jatau. Goggo Jummai ba ta sake amsa mata sallama ba.

Damina ta bana Goggo ta rasu, da irin wannan wasiyyar. Inna tana zaune a tsakar gidanta ta ji an fita da makara. Ba ta tashi ba. Da la'asar Asama'u ta shigo, hijabi ya yi mata yawa, ta zauna kusa da ita a tabarma.

"Inna, kin yi nadama?"

"Haɗuwata da Adama nake tunani. Ban san me zan ce mata ba."

"Ki ce ni na matsa miki."

"Na tona mata asiri, in kuma je in yi mata ƙarya?" Ta share ido da bakin zane. "Yaushe za ki koma wajen likita?"

"Laraba. Sun ce akwai abin da suke so su sake dubawa a hammata."

Inna ta dube ta, ta kau da kai.

"Ki biyo ta nan, mu tafi tare. Yanzu ba ni da aikin yi."