Likitan Ƙwari a Tashar Jibiya

Shekarun baya, farkon zuwan shari'a, ina ɗalibin jami'a, malamina ya ɗora ni kan binciken ƙwaron wake. Akwai wani gado a cikin ƙwayoyin jikin halitta da ba a samunsa sai ta wajen uwa, da shi ake bin sawun zuri'a. So yake a gano ko ƙwaron Maraɗi da namu tsatsonsu ɗaya.

Na sauka Jibiya wurin kawuna mai fataucin hatsi. Kullum ina tasha, ina roƙon direbobi su bar ni in tsinci ƙwari a buhunansu, in jefa a 'yan kwalabe masu sifirit don kada su ruɓe. Har suna suka sa mini: Likitan Ƙwari.

Ran nan wani ɗan acaɓa ya goge ni, kwalba ta fashe a jakata. Wari ya tashi, sak na giya. Kafin in ankara 'yan hisba sun kewaye ni.

Babbansu, wani dattijo, ya ce, "Samari, mi ke cikin jakar nan?"

Ba bulala kaɗai na hango ba, har da mutuncin kawuna a garin. Na ɓare baki ina zuba bayani, rabi Turanci, ni kaina ban fahimci abin da nake faɗa ba.

Dattijon ya ɗaga kwalba ɗaya, ya ga ƙwari jiƙe a ciki. "Da su kake sha?"

Sai wani direba mutumin Maraɗi, abokin gardamar kawuna, ya kutso. "Wallahi Malam, mun san shi. Ba mashayi ba ne, boko ne ya taɓa shi."

Tasha ta ɗauki dariya, har dattijon. Ya miƙo mini kwalbata, ya ce in riƙa toshe su da kyau.

Da sakamako ya fito na koma Jibiya, domin kawuna da direban sun daɗe kowa na cewa ƙwaron ƙasar ɗan'uwansa ne ke ɓata masa wake. Na ce musu yawancin waɗanda na gwada kakarsu ɗaya.

Direban ya dubi kawuna ya ce, "To Alhaji, zumunci ne ashe. Kowa ya ci gaba da ciyar da baƙinsa."

Na samu shaidu iri-iri a rayuwa, amma har yau babu wadda ta yi mini rana kamar ta mutumin da ya rantse ba ni da cikakken hankali.