Ruwan da Verna Ta Ajiye a Gaban Babban Lauya

Tun kafin motar madara ta ratsa garinmu na Alder Creek, za ka ga Verna Ostrander ta fito cikin tsohuwar rigar sanyin marigayi mijinta, makullai na ƙara a aljihunta. Ta buɗe zauren manoma, ta kunna murhun ɗumama ɗaki, ta ɗora gahawar nan tata mai ɗaci, wadda ba a taɓa yabo ba kuma ba a taɓa bari ta kwana ba. Sannan ta bi kujerun ƙarfe tana gogewa tana mita. Haka muka taso muka same ta. A zauren nan aka yi liyafar aurena, a nan aka ci abinci bayan jana'izar mahaifina, duk tana bakin ƙofa tana cewa a goge takalmi kafin a shigo.

Watan jiya ta miƙa makullan, bayan shekara arba'in da ɗoriya. Amma ba don shara da gahawa nake jinjina mata ba.

Duk lokacin da zaɓe ya zagayo, an gama girbin masara, Verna takan gayyato masu neman kujerar babban lauyan jiha su zo su zauna a gabanmu. Ba ruwanta da masu neman gwamna. Takan ce gwamna yana da masu bin sa da kyamara, amma mutumin da zai kai ƙarar kamfani ko ɗan majalisa a madadinmu, rabin garin ba su san ko sunansa ba. "Da ƙuri'armu muke ɗaukarsa aiki," in ji ta, "to ya zo mu ga fuskarsa."

Dokokinta kaɗan ne, amma ba ta sassautawa. Kowace tambaya minti biyu, da ya cika sai ta kaɗa tsohuwar ƙararrawar wuyan saniya, ko kana tsakiyar ambaton kakarka ne. A gaban kowane ɗan takara kuma tambulan ɗaya na ruwan famfon zaure. Wanda ya shigo da ruwan roba sai ta karɓe, ta ce, "Abin da muke sha shi za ka sha." Wanda kuwa ya ƙi zuwa, kujerarsa tana nan da sunansa da tambulan ɗinsa. A karanta wa kujerar tambaya, Verna ta dubi agogo, a yi tsit har minti biyu su cika, sannan ta kaɗa ƙararrawa. Kai, mun sha dariya a wancan zamanin! Tsoho Clem Duffy mai shanun madara ya taɓa ɗaga murya daga baya ya ce, "Verna, ni kujerar zan zaɓa, ita kaɗai ce ba ta yi mana ƙarya ba yau."

Verna ba ta haihu ba. Ɗanta shi ne Royce Halvorsen, ɗan ƙanwarta da ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Ita ta goya shi, ita ta tsaya masa har ya zama lauya. Ranar da ya fito takarar babban lauya, Verna ta yi sati tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa.

A shekarar ne rijiyoyin unguwar Mill Road suka fara wari. Akwai wata masana'antar jimar fata a saman rafi, kowa kuma ya san inda take zubar da ruwan dattinta. Opal Reinke, gwauruwa mai renon jikoki biyu, ta koma jigilar ruwa a jarka daga gidan yayanta. Royce ya tsaya a zauren nan, ya kurɓi ruwan tambulan ɗinsa, ya dubi Opal ya ce, "Misis Reinke, in na shiga ofis, ƙararku ce ta farko a kan teburina." Muka yi ta tafi har hannu ya yi zafi, muka kuma fito ƙwanmu da kwarkwatarmu muka zaɓe shi.

Wa'adinsa ya zo ƙarshe, ƙara shiru. Opal tana nan da jarkokinta, bayanta har ya fara ranƙwafawa. Da zaɓe ya sake ƙaratowa, ofishinsa ya aiko cewa babban lauya ba zai samu zuwa ba, ayyuka sun yi masa yawa. Verna ta ɗauki waya a ɗakin girkin zaure, matan da ke wanke kwanuka suna ji.

"Roy, kujerarka tana nan, da sunanka."

"Haba Anti Verna! Har da ni?"

"Kai ne ma a gaba."

"In kika yi min haka a gaban 'yan jarida, kin gama da ni."

"To ka zo, ɗana. Ka zo ka zauna a kanta."

Ya zo. Ranar Asabar ce da rana, zaure ya cika maƙil, har a kan tagogi mutane suke. Verna ta ajiye wa abokin takararsa ruwan famfo kamar kullum. Da ta zo gaban Royce, sai ta buɗe wata kwalba da Opal ta kawo daga rijiyarta, ta tsiyaya masa. Ruwan ya fito kamar shayin da bai ji ganye ba, warinsa kuwa har layi na uku.

"Wannan ne ruwan mutanen Mill Road," in ji ta. "Kada ka sha, ban raine ka don in kashe ka ba. Ka dai dube shi."

Opal ta miƙe. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce, "Yaushe, Royce?"

Verna ta dubi agogo. "Minti biyu, Mista Halvorsen."

Mista Halvorsen! Yaron da ta wanke wa kashi. Royce ya gyara wuyan riga, ya fara irin maganar nan tasu, wai ana bincike, wai akwai kwamiti, wai doka tana da matakai. Maƙogwaronsa ya bushe, hannunsa ya tafi wajen tambulan da kansa kamar yadda ya saba, ya tsaya a rabin hanya. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Kowa ya zaci Verna za ta kaɗa ƙararrawa ta cece shi. Ina! Ta bar sauran lokacin ya tafi a shiru, daidai yadda take yi wa kujerar da babu kowa. Ina kusa da ita, na ga hawaye na bin kumatunta, idonta kuma bai bar agogon ba. Sai da lokaci ya cika cif ta kaɗa.

Kafin ranar zaɓe Royce ya shigar da ƙarar. Saboda haka manyan da ke ɗauke da takararsa suka zame masa, ya sha kaye. Wanda ya gaje shi bai isa ya janye ƙarar ba, don jihar duka ta ga hoton tambulan ɗin nan a jarida. An daɗe ana fafatawa, amma a ƙarshe kotu ta sa aka ja wa Mill Road bututun ruwa mai tsabta.

Verna kuwa ta rasa ɗanta. Bai ƙara taka garin ba, in ta kira ba ya ɗauka. Duk shekara ranar bikin godiya, wanda iyali ke taruwa su ci abinci tare bayan kaka, takan gasa talotalo, ta ajiye masa kujera a teburinta, da faranti da tambulan, a ci a tashi kujerar tana nan wayam. Babu mai yin dariya a wannan kujerar. Wasu a gari har suna gulmarta, wai wace irin uwa ce za ta tozarta nata a bainar jama'a. Abin yana ƙona min rai har gobe, domin masu faɗin hakan da ruwa mai tsabta suke wanke bakin da suke gulmar.

Ke ce, Verna, kika nuna mana cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Ke ce mai ƙararrawar da ba ta san ɗan gida ba. Da kin kaɗa ta da wuri a ranar nan, babu wanda zai zarge ki, ni kaina da na ce uwa ce. Kin san abin da zai biyo baya, kika kuma riƙe hannunki. Ba a taɓa zaɓen ki komai ba, ba a taɓa sa sunanki a allo ba, amma jikokin Opal sun girma da lafiyarsu.

Ranar da muka yi mata walimar ajiye aiki, bayan an taso daga coci, ana cikin yanka kek ɗin tuffa sai ƙofa ta buɗe. Wani mutum mai furfura ya tsaya yana goge takalminsa a kan tabarmar ƙofa, ba tare da kowa ya ce masa ya goge ba. Cokula suka tsaya.

"Anti Verna," in ji shi, "akwai sauran kujera?"

Verna ta dube shi, ta ce, "Tana nan inda ka bar ta."

Opal ta tashi da sandarta, ta ɗauko kwalbar da ta zo da ita, wannan dai tsohuwar kwalbar, cike da ruwan famfon gidanta. Ta tsiyaya masa, ruwa garau. Royce ya ɗaga ya shanye tas, ya ajiye tambulan, ya buɗe baki zai yi magana. Clem, wanda yanzu a keken guragu ake tura shi, ya ce, "Minti biyu gare ka, yaro!" Zaure ya fashe da dariya, wasu suna share ido. Verna ta jawo ƙararrawar, ta cusa yatsunta ciki ta riƙe harshen ƙararrawar don kada ta yi ƙara.

"Yau babu agogo," ta ce. "Ku bar min shi ya yi magana."

Mun gode, Verna. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar miki kujerar nan a cike. Mu kuma da muka rage, zaɓe yana tafe da kaka, ƙararrawar tana kan tagar zaure tana jiran hannu. Wani ya taimaka ya ɗauka. Amma kafin ka ɗauka, ka tambayi kanka ko za ka iya barin agogo ya cika ranar da ɗanka ne a kan kujerar.