Tsingaron Gwaggo

Gwaggona, yayar babana, maginiyar tukwane ce, kuma tun ina ƙarama na san ba ta da sauƙi. Gajera ce mai faɗin tafin hannu, ba ta dariya sai abin ya kai a yi. In ka sayi tukunyarta ka dawo ka ce ta tsage, kallo ɗaya za ta yi maka ta ce, "Da me ka buge ta?" Kuma da gaskiyarta, don tukunyarta ba ta tsagewa haka kawai. Mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba, ni na tashi a ɗakinta. Da yumɓu ta ciyar da ni, da shi ta sa ni a makaranta.

Sirrin aikinta yana can bayan gidanmu. Akwai wani tudu a ƙarshen gona wanda ko ciyawa ba ta son fitowa a kansa, duk inda ka sa fartanya tsingaro za ka tono. Ba irin namu ba ne. Baƙi-baƙi ne, mai tauri, in ka ƙwanƙwasa biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Gwaggo takan ciko kwando ta zuba a turmi ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa garin da yumɓu. Shi ke riƙe tukunya idan wuta ta kama ta. Haka ta ga mahaifiyarta tana yi, ita ma haka ta tarar. Ba wadda ta taɓa tambayar wa ya zubar da su a nan, har suka cinye kusan rabin tudun.

Na riga na yi aure na koma cikin gari lokacin da masu binciken kayan tarihi suka zo daga jami'a. Shugabarsu mace ce, doguwa, mai magana a hankali. Gwaggo ta raɗa mata suna Mai Burushi. "Mutum da ƙarfinsa da lafiyarsa," in ji ta, "ya durƙusa yana share ƙasa da burushi kamar mai wanke haƙora."

Amma abin da suka share ya rufe mata baki. A gefen tudun suka fito da matoya, wato wurin gasa tukwane, ginanniya, zagayayyiya, da bakin da ake cusa itace, bangonta ya ƙone har ya yi ƙyalli. Kusa da ita ga tushen ɗakuna, ga murhu, ga dutsen niƙa. Mai Burushi ta ce gidan wasu mutane ne da suka gasa tukwanensu a nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce, tudun kuma jujinsu ne, inda suke zubar da abin da wuta ta lalata. Gwaggo ta daɗe tsaye a bakin ramin, sannan ta ce, "Allah sarki. Ashe su ma tana fashe musu."

Da Mai Burushi ta tambayi ina rabin tudun ya tafi, Gwaggo ba ta ɓoye ba. "Na daka," ta ce. Matar ta nemi wuri ta zauna. Can ta ce, "Mama, ba laifinki ba ne, ba ki sani ba. Amma daga yau ba za a ƙara ɗiba ba." Aka kewaye wurin da waya.

Ni na je na yi wa Mai Burushi ruwan masifa. Na ce matattu sun fi mai rai ke nan? Ta bari sai da na gaji, ta ce abin da ya rage shi kaɗai ne zai ba da labarin mutanen nan, in ya shiga turmi shi ke nan. Na san gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

Gwaggo ta gwada yashi. Ta gwada tsingaron tukwanenta, amma wutar fili ba ta kai zafin matoya ba, yana shiga turmi sai ya zama ƙura. Ranar gashi muna tsaye muna jin tukwanen suna fashewa a cikin wuta, tas, tas. Waɗanda suka tsira ma ba su daɗe a gidajen mutane ba. Aka fara dawo mata da tukunya, ita kuwa sai ta karɓa ta miƙa wata. Ban taɓa jin tausayinta kamar a lokacin ba.

Wata safiya na zo na tarar ta jawo randar ɗakinta tsakar gida, ta juye ruwan, ga turmi ga taɓarya. Ranar na ji abin da ban taɓa sani ba: ashe daga tudun mahaifiyarta ta tono randar, lafiyayya, ko ƙwarzane babu.

"Wannan za ta ishe ni gashi mai yawa," ta ce. "In ƙara yin tukunya ta kirki kafin in mutu."

Na san Mai Burushi tana can cikin tanti tana ta liƙa gutsattsari, har yanzu ba ta sami ko tukunya ɗaya cikakkiya ba. Ban faɗa ba. Na ce, "Taki ce, Gwaggo. Fasa abinki."

Ta ɗaga taɓaryar, ta tsaya, ta ajiye. Ta zura hannu cikin randar tana shafawa. "Zo ki sa hannunki nan," ta ce. Na sa, na ji sawun yatsu a jere a ƙarƙashin wuyan.

"Kin ji? Wadda ta gina ta ba ta yi gaggawa ba. Wannan ta fi ni hannu." Ta zare hannunta. "Duk abin da na daka a rayuwata, wuta ce ta riga ni kashe shi. Wannan ta shiga ta fito lafiya. Ɗauko tsohon bargon nan mu naɗe ta."

"To ke fa, Gwaggo? Da me za ki yi aiki?"

"Ke dai ɗauko bargo. Surutu kamar ubanki."

A baro muka kai ta, ina turawa tana tallafe da bakin. Da aka buɗe bargon, Mai Burushi ta toshe baki da hannu biyu. Gwaggo ta ce mata, "'Yata, ba a ɗaga ta ta baki, ta gindi ake tallafa. Kuma kar ki bar ta a rana."

Daga nan ba ta ƙara kwaɓa yumɓu ba. Takan zauna a ƙofar ɗaki, hannuwan nan biyu a kan cinya, kamar baƙin da aka manta ba a sallama ba. Na sayo mata babban bokitin roba mai murfi, na cika shi, na ajiye a kusurwar da randar take. Ta ɗebo a kofi ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kaɗan.

"Ba sanyi," ta ce, sannan ta shanye.