Tikitin Baba na Yugoslabiya

Aikina a wani sito da ke unguwar Al Qusais, a wata ƙasar Larabawa, shi ne cike takardun ma'aikata: biza, hutu, da tikitin wanda aikinsa ya ƙare. Ni kuma Allah ya yi ni da son gardamar siyasa, in na fara har shayina sai ya huce ban sani ba. Wannan hali ne ya haɗa ni da dattijon da ke gyara mana injinan sanyi, wani dogon Bature mai furfura da nake kira Baba.

A akwatin kayan aikinsa akwai wani jan fasfo da ya koɗe, da hoton wani mutum cikin farin kaki, ƙirji fal lambobin yabo. Fasfon na Yugoslabiya ne, ƙasar da yanzu babu ita. Mutumin kuwa shugabansu ne, wanda ya yaƙi 'yan mamaya daga cikin duwatsu, ya kuma riƙe jamhuriyoyi shida a tarayya ɗaya har ya mutu. Baba ya ce a zamaninsa da wannan fasfo gabas da yamma duk buɗe musu ƙofa ake yi. Bai ɓoye mini cewa masu tsaurin ido kan ƙare a kurkuku ba, sai dai in ya zo nan yakan yi sauri ya wuce.

Wata rana muna cin abincin rana, zaɓe ya ƙarato a gida, sai na baje masa ilimina. Na ce mu a Najeriya mun gano maganin zaman tare, wato karɓa-karɓa: Arewa ta yi, Kudu ta yi, kowa ya ɗana. Har da buga tebur.

Ya ajiye burodinsa. "Habibi, abokina, ai mun yi wannan," in ji shi. "Da tsohon shugaban namu ya mutu, kujerar zagayawa ta riƙa yi, kowane yanki shekara guda, ya hau ya sauka. Ko sunan mai ci ba ma riƙewa. Bayan shekara goma da 'yan kai, maƙwabcina ya tsare ni a ƙofa yana tambayata addinin kakana."

Na ture kwanon shinkafata gefe. Ranar ban ƙarasa cin ta ba.

Bara kamfani ya ce Baba ya tsufa, ba za a sabunta bizarsa ba. A garin nan komai daɗewarka baƙo ne kai, aiki na ƙarewa sai tikiti. Takardar a teburina ta faɗo. Na kira shi da fara'ata, na yi masa irin barkar da mu baƙi muke yi wa juna in za a koma gida: "Baba, gida ya yi kira! Wane gari zan rubuta?"

Sai ya ja kujera ya zauna. Ashe fasfon da yake aiki da shi na ƙasar mahaifinsa ne, inda bai taɓa zama ba sai lokacin aikin soja. Garin da aka haife shi yana wata ƙasar yanzu, gidansu wasu ne a ciki. Kabarin matarsa yana ƙasa ta uku. Da can duk jirgin ƙasa ɗaya ke bi ta cikinsu, ba mai tambayarka takarda. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in tsinke harshena.

Sau biyu ina hawa wurin manaja ina roƙon a ƙara masa ko da shekara ɗaya. A na biyun ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Na sauko raina a ɓace. Ni da nake raba wa ƙasashe mulki a kan teburin abinci, ga shi na kasa sama wa tsoho ɗaya wurin zama.

Ranar ƙarshe Baba ya tsaya a bayana, gurbin sunan gari yana nan fari a kwamfuta.

"Kai zaɓa mini," ya ce.

Na rubuta babban birnin ƙasar mahaifinsa, don ita ce a jikin fasfonsa. Ya leƙa, ya karanta sunan a hankali kamar baƙon suna, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna koren fasfona da ke gefen tebur.

"Kai in an sallame ka, ka san garin da za ka rubuta?"

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Kano."

"Ni ma a shekarunka na sani," in ji shi, ya miƙo hannu ya karɓi tikitinsa.