Ranar da Ni da Baba Muka Saka wa Jirgi Famfo

"Ina abin kwarfe ruwa?" Tambayar da Baba ya fara yi ke nan da na kai shi bakin canal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, a Birmingham ya ga ɗan jirgin ruwan da na saya. Daga Yawuri ya zo mana hutu, kuma a cikin kwale-kwale ya girma.

Na ce, "Baba, ai ƙaramin jirgi ne, nan kuma babu igiyar ruwa."

Sai ya ɗaga katakon ƙasan jirgin. Ashe ruwan saman makon nan ya taru har ya kusa taɓa batir. Ya ce jikokinsa ba za su shiga ba.

Ranar Asabar muka ɗaura famfon fitar da ruwa a wurin da ya fi zurfi a cikin jirgin, ni ina haɗa waya, shi yana riƙe da tiyo. Da na kunna, ruwa ya fara zuba waje, sai ya tsaya yana kallo.

Can ya ce, "A jirgin mahaifina ni ne famfon. Da ƙoƙo nake yi, har hannu ya sage."

Yau ga shi zaune a gaban jirgin tare da jikokinsa, ya miƙe ƙafa yana murmushi.

Ku fa, wane aiki kuka sha a yarinta da yanzu inji ke yi?