Laifina Ne, Malam Isufu Ya Sha Faɗa

Jama'a, yau na sa dattijo rantsuwa a banza!

Jiya na buɗe wa biro biyu, wato ofisoshi, na koperatif ɗinmu na manoma, Kurni da Yauri, injin kowannensu a kan intanet, don rubuta sunayen manoman da za su karɓi irin gero. Daga samfur guda na kwafo su.

Da safe sai ga kiran Hajiya Rabi ta Kurni: "Sani, sunayen mutanen Yauri ne cike a wurina!"

Na kira Malam Isufu, sakataren Yauri, sa'an babana. Ya ce, "Ɗana, duk waɗanda na shigar sun ɓace." Na ce ai injin wasu ya shiga. A gaban shugaban koperatif fa, na buɗe muryar wayar, kowa yana ji! Ya ce, "Wallahi inda ka nuna mini na latsa." Na ce tsufa ne kawai.

Bawan Allah ya hau moto cikin ranar nan har Matameye inda nake, da ordinatarsa, wato kwamfutarsa, a goye.

Na buɗe saitin rezo, wanda ke haɗa injinan da intanet. Innalillahi! Lambar IP, wato adireshin inji, guda ce a injinan biyu! Ni na manne ta cikin samfurin, na manta ban cire ba. Duk saƙon da ya zo, injin da ya riga amsawa shi ke ɗauka.

Minti biyar na gyara. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya share zufa, ya ce, "Ba komai. Amma sake nuna mini wurin latsawa, kar in ƙara ɓata maka aiki."

Har yanzu na kasa cin abinci.